Ƙarƙashin Gadar Agbogbloshie: Yadda Kogin Odaw Ya Rasa Hanyarsa

Duk wanda ya tashi a Sabon Zango na Akra ya san gadar da ke kan titin Abossey Okai, inda hanya ke tsallake kogin Odaw a Agbogbloshie. Ta nan muke bi in za mu Makola ko Tudu. Ta nan ake turo amalanken doya, ta nan 'yan kayayo ke wucewa da manyan kwanoni a ka tun kafin rana ta fito. Gadar kankare ce mara ado, ba mai tsayawa a kanta ya ɗauki hoto. Mutum yakan toshe hanci ne ya ƙara sauri. Ni ma haka na yi shekara da shekaru ina wucewa, ban taɓa leƙa ƙarƙashinta da niyyar gani ba.

Mai leƙawa shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sayar da albasa a kasuwar da ke dab da gadar. In damina ta kama, kowace safiya kafin ya kwance bakin buhu sai ya je ya dafa ƙarfen gefen gada ya zura wa wani ginshiƙi ido. Akwai wani tabo a jikin kankaren da ya mayar ma'auninsa. Wata rana, ina ɗan firamare, na kai masa koko da ƙosai na same shi tsaye a wurin.

"Kawu, me kake kallo a cikin wannan ƙazanta?"

"Ƙasa nake kallo, ɗana," in ji shi. "Ruwa baƙo ne, yau ya zo gobe ya tafi. Ita kuwa ƙasar da ke ƙarƙashinsa kullum hawowa take yi, ba ta komawa."

A kan wannan magana tasa na ɗora nazarin nan. Kowace gada hanya biyu gare ta: ta sama, wadda mutane da motoci ke bi, da ta ƙasa, wadda aka bar wa kogi. Ta sama tana da masu yi mata kuka. In rami ya buɗe a kwalta, direbobin trotro, wato ƙananan motocin haya, za su cika gidajen rediyo da ƙorafi kafin azahar. Ta ƙasa ba ta da mai magana da yawunta. Tarihin gadar Agbogbloshie a zamaninmu shi ne yadda hanyar ƙasan nan ta yi ta ƙuntata har ta kusa rufewa, da yadda duk ranar da abin ya ɓaci ake neman mai laifi a cikin waɗanda suka fi kusa da bakin ruwa.

Tudu da Fadama

Odaw yana tasowa ne daga gindin tsaunukan Akwapim a arewacin Akra. Ya gangaro ta Achimota, ya bi ta Alajo da Avenor, ya ratsa gefen shataletalen Kwame Nkrumah da kowa ke kira Circle, sannan ya iso Agbogbloshie ya zube a tafkin Korle, daga nan sai teku. A hanya yana karɓar ƙananan rafuka, ciki har da Onyasia da rafin Nima, wanda mutanen Nima da Maamobi suka sani da babbar kwata. Wato ruwan da ya sauka a kan rufin kwano a Achimota da wanda ya wanke lungunan Nima duk mafita ɗaya suke nema, kuma gadarmu na cikin ƙofofin ƙarshe kafin tafkin.

A wurin mutanen Ga, masu ƙasar, Korle wuri ne mai alfarma a al'adarsu, yana da mai kula da shi na gargajiya da ake kira Korle Wulomo, kuma a da ana kamun kifi a cikinsa. Shi ne iyakar tsohon gari ta yamma. Lokacin da Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa nan a 1877, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara a bakin teku yake tattare, a James Town da Ussher Town da Osu. Fatake da malamai da tsofaffin sojoji Hausawa suka zauna a tsakiyarsa, wajen Zongo Lane da Cow Lane.

Sannu a hankali gari ya ƙetare ruwa. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta 1908 ta sa gwamnati rusa cunkusassun gidaje da tura mutane bayan gari. A shekarun da suka biyo baya ne Malam Bako ya nemi fili a wurin sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango a yammacin Korle, ya bar wa cikin gari cunkosonsa da rigingimunsa na shugabanci. Gwamna Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a 1923, shi ma a wancan ƙetaren. Bayan girgizar ƙasa ta Yunin 1939 kuma aka gina sababbin gidaje a Korle Gonno da Mamprobi da Kaneshie. Kogin da yake bayan gari ya wayi gari a tsakiyar gari, 'yan mashigan da ke kansa, na titin Guggisberg da na titin Graphic da namu na titin Abossey Okai, suka zama ba makawa sai an bi su. Mara lafiyar da za a kai Korle Bu daga gabas da bakaniken da ke neman kayan mota a Abossey Okai, kowa sai ya taka ɗaya daga cikinsu.

Akwai abin da nake so duk mai jin Hausa ya tsaya ya duba. Unguwa biyu a tsakiyar Akra suna ɗauke da suna na Hausa zalla: Tudu da Fadama. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya san inda ruwa ke kwana da inda ba ya kwana. Fadama a wurin Bahaushe ƙasar aro ce daga hannun kogi. Da rani ka shuka albasa da tumatir, da damina mai ita ya dawo ya karɓi abinsa. Ba a kafa gida a fadama sai dole. A zamanin Nkrumah an tashi mazaunan Fadamar farko aka mayar da su inda ake kira Sabuwar Fadama, unguwar Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu. Daga farkon shekarun 1990 tsohon filin, wanda ake kira Tsohuwar Fadama, ya sake cika. An turo 'yan kasuwa daga tsakiyar gari, aka kafa kasuwar doya, sannan rikicin Konkomba da Nanumba na 1994 ya koro jama'a daga arewa, talauci kuma ya ci gaba da turo wasu a bayansu. Ƙidayar da mazauna wurin suka yi da kansu a 2009 ta sami kusan mutum 80,000. Mutanen gari suka laƙaba wa unguwar sunan biranen mutanen Annabi Luɗu. Ni ba na kiran ta da wannan suna, domin na san masu salla da masu neman halali da ke kwana a waɗancan ɗakunan katako.

Daren Laraba

Ranar Laraba, 3 ga Yuni, 2015, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya tun da yamma har cikin dare. Odaw ya cika ya tumbatsa, ya haure katangarsa ta kankare, ya malale Circle da Odawna da Adabraka. Mutane da yawa suka fake a wani gidan mai kusa da Circle. Fetur ya tsiyaye ya bi saman ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka rasu a daren, wasu a wuta wasu a ruwa, Shugaba John Mahama ya ayyana makoki na kwana 3. Allah ya ƙara wa iyalansu haƙuri. An yi manyan ambaliya kafin wannan, a 1995 da 2001 da 2011, amma babu wadda ta girgiza garin kamar ta.

Mu a gida mun kwana muna kwarfe ruwa da bokiti, an ɗora katifu a kan tebur, tsohuwarmu tana ta salati. Da gari ya waye na taka zuwa wurin Kawu. Albasa ba ta shiri da danshi. Buhunan ƙasa duk sun jiƙe, kwana biyu za su fara wari, kuma rabinsu bashi ne na masu kawo kaya daga Nijar. Bai ce uffan a kan albasar ba. Hannuna ya kama ya kai ni gefen gadar da ke fuskantar Circle, ta inda ruwa ke shigowa. Ruwan ma ba a ganinsa. Ledar fiya-wata, robobin lemo, katifu, ƙyauren firij, guntayen katako, har da mushen akuya, duk sun cure sun manne a jikin ginshiƙan kamar an saƙa tabarma. Tabon nan kuwa, wanda a yarintata yake can sama da ruwa, laka ta binne shi.

"Ka gani?" ya ce. "Gada ta zama madatsa."

Yadda ƙofa ke rufewa

Akra ba garin ruwan sama mai yawa ba ce. A shekara ba ta cika samun milimita 800 ba, ɗan fiye da rabin abin da Kumasi ke samu. Abin da ke cutar da ita shi ne yadda ruwan ke zuwa a dunƙule, musamman a Mayu da Yuni, da abin da yake tararwa a ƙasa. A 1960 birnin bai kai mutum rabin miliyan ba. Ƙidayar 2021 ta ba yankin Akra da kewaye fiye da miliyan 5.4. Dazuzzuka da gonakin da a da suke shanye ruwa can sama, wajen Abokobi da Ashongman da Dome, sun koma rufin kwano da daɓen siminti. Ruwan da a da yake tsiyaya a hankali cikin ƙasa, yanzu a guje yake isowa Circle, kusan duka a lokaci ɗaya.

Kuma ba hannu rabbana yake zuwa ba. Duk filin da aka share don gini, duk titin da ba a sa wa kwalta ba, duk tulin yashin da tifa ta zube a bakin hanya, ruwa yana ɗibar rabonsa. Can sama gangara ce, yana da ƙarfin ɗaukar kaya. Da ya iso Avenor da Circle ƙasa ta kwanta, gudunsa ya ragu, sai ya fara saukewa: tsakuwa tukuna, sannan yashi, sannan laka. A wajen Agbogbloshie kuma ga teku a gaba. In ambaliya ta zo daidai lokacin da teku ya kawo, bakin Korle ba ya iya amayar da abin da ke shigowa, sai ruwa ya tsaya cik. A nan ne ƙasar da Kawu ke kallo take hawowa.

Sauran lissafi ne mai sauƙi. Injiniyan da ya zana gada yakan bar rata tsakanin gadon kogi da cikin gadar gwargwadon ruwan da yake tsammani a babbar damina. Saman ratar kankare ne, ba ya motsi. In gadon kogi ya hau da taku uku, ƙofar ta ragu da taku uku ba tare da kowa ya taɓa gadar ba. Da zarar ruwa ya kai cikin gadar, duk abin da ke yawo a samansa ya rasa mafita. Itace ɗaya ya gitta tsakanin ginshiƙi biyu, leda ta taru a kansa, katifa ta zo ta toshe saura. Ruwan da aka hana gaba kuwa baya yake komawa. Shi ya sa toshewar da ta faru a ƙasa take bayyana a ɗakin mutumin Odawna ko Alajo, wanda bai taɓa jin labarin ginshiƙin Kawu ba.

An sha yashe kogin. Ba sau ɗaya ba na ga katafila a bakin ruwa tana kwaso baƙar laka. Na kuma ga lakar tana zama tsibi-tsibi a gefen kogi makonni tana jiran tifa, har ruwan farko ya zo ya mayar da ita inda aka ɗebo ta. Ko da an kwashe ta tsaf, yasa ba aikin sau ɗaya ba ne. Duk mai rijiya ya san wannan. Kogin da ke karɓar yashin rabin gari yana bukatar mai yasa na dindindin.

Wa aka kama?

Kwana 17 bayan gobarar, ranar 20 ga Yuni, 2015, a farkon azumi, hukumar birnin Akra ƙarƙashin Alfred Oko Vanderpuije ta shigo Tsohuwar Fadama da katafiloli da jami'an tsaro, aka rushe gine-ginen da ke bakin kogi. Dubban mutane suka rasa makwanci, ga damina ga azumi. Hujjar hukuma ita ce gidajen sun ci hanyar ruwa kuma sun hana injinan yasa shiga. Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Mutane sun yi ta cike bakin ruwa da garin katako da shara suna kafa ɗaki a kai, kowace shekara kogin na ƙara matsewa.

Shekara 6 bayan haka, a farkon Yulin 2021, aka zo kan 'yan albasa. Ministan yankin na lokacin, Henry Quartey, ya sa aka mayar da kasuwar Adjen Kotoku, can gaba da Amasaman a hanyar Nsawam, aka kuma baje filin 'yan gwangwan da ke kusa, inda ake ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe. Wanda ya taɓa shaƙar wannan hayaƙi ba zai yi kewarsa ba. Samari da yawa sun bar lafiyar ƙirjinsu a wurin. Kawu ya naɗe tabarmarsa ya bi 'yan uwansa.

To bayan an tashi waɗannan duka, ƙofar ta buɗe? Kowace damina tana ba da amsa. Ruwa bai daina kwanciya a Circle da Adabraka da Kaneshie ba, domin ba mai albasa ne ya kawo yashin Ashongman ba. Wanda ke zaune a bakin ƙofa shi ake gani, shi ne kuma ba shi da takardar fili balle lauya, don haka shi ya fi sauƙin kamu. Mai gidan benen da ya ɗora katanga a kan rafi can sama, da wanda ya sa masa hannu a takarda, ba sa fitowa a hoton da jaridu ke bugawa washegarin ambaliya. Rushe ɗakin talaka aikin yini ɗaya ne, ana yi ana ɗauka a talabijin. Kula da gadon kogi kuwa kowace shekara ne, kuma ba mai yaba maka a kai. Wannan bambanci yana ci mini rai, domin shi ne ya sa ake ta maimaita mai sauƙin ana barin mai amfanin.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma a zanguna muna da namu. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin yadda, da hadari ya haɗu iska ta fara kaɗawa, ake fitowa da kwandunan bola ana juyewa a kwata don ruwa ya tafi da su ba? Na san dalili. Lungu ya yi ƙunci mota ba ta shiga, mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwasar shara, sai an biya shi, uwa mai 'ya'ya biyar tana lissafin kowane sidi. Duk da haka ledar da ta bar hannunmu, a Nima ne ko Maamobi ko Sabon Zango, ba ɓacewa take yi ba, Korle ta nufa. Malamanmu suna karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Hanyar ruwa ma hanya ce, kuma ina fata limamai su riƙa tuna mana haka a huɗuba tun watan Afrilu.

Wata gadar dutse a wani gari

Da nake bin tarihin yadda wasu garuruwa suka yi da tsofaffin gadojinsu, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsohuwar gadar Landan a kan kogin Thames. An fara gina ta da dutse a 1176 ƙarƙashin wani malamin coci, Peter na Colechurch, wanda ya rasu a 1205 bai ga ƙarshen aikin ba. An gama a 1209, bayan shekara 33. Ƙofofinta 19 ne masu siffar baka, irin bakan da maginan Kano da Zariya ke ɗaurawa a soro, kuma an kewaye gindin kowane ginshiƙi da turaku da duwatsu don kada ruwa ya ci shi. A kanta aka gina gidaje da kantuna har da ɗakin ibada, ta zama unguwa guda a kan ruwa. Fiye da shekara 500 ita kaɗai ce gada a tsakiyar birnin, sai a 1750 aka buɗe ta Westminster.

Ga inda ciwonta ya yi kama da namu. Kariyar nan da aka yi wa ginshiƙai, wadda aka yi ta ƙara wa kauri, ta cinye mafi yawan faɗin kogin, har gadar ta koma rabin madatsa. In teku na janyewa, ruwan gefe ɗaya yakan ɗara na ɗaya gefen da kusan mita 2, yana kwararowa ta ƙofofin da ƙarfin da ya kifar da kwale-kwale da yawa, mutane suka halaka. Sai da suka rushe gidajen kanta tsakanin 1758 da 1762, suka haɗe ƙofofi biyu na tsakiya suka zama ɗaya mai faɗi. A 1831 suka buɗe sabuwa mai ƙofofi 5 kacal, sannan suka rushe tsohuwar.

Me ya riƙe gada mai irin wannan aibi har shekara 622? Dukiyar da aka keɓe mata ita kaɗai. Hayar gidaje da kantunan kanta, da kuɗin fito, da filayen da masu hali suka bar mata a wasiyya, duk asusu ɗaya suke shiga, a hannun wakilan da ba su da wani aiki sai biyan magina da kafintocin da ke gyaranta duk shekara. Mu da muka san waƙafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An ma gwada akasin haka aka ga abin da ya haifar. Sarki Henry na Uku ya miƙa kuɗin gadar ga matarsa, Sarauniya Eleanor, aka daina kashe su a gyara. A hunturun 1281 zuwa 1282 ƙanƙara ta taso, ƙofofi 5 suka rufta. A 1282 aka tabbatar da asusun gadar da takardar sarki. Asusun nan, wanda aka daɗe ana kira Bridge House Estates, yana nan har yau. Shi ya gina gadar Tower da aka buɗe a 1894, shi ke kuma kula da gadoji 5 na birnin ba tare da an taɓa harajin jama'a ba.

Ban kawo wannan don in ce sun fi mu hankali ba. Thames ɗin ma ya taɓa zama kwata, har a 1858 warinsa ya addabi 'yan majalisarsu a zaurensu. Abin da na ɗauka shi ne gadar tana da mai ita, wanda in dutse ya faɗi shi za a tambaya, da kuɗin da ba sai ya je roƙo ba. Tamu fa? Kwaltar sama tana hannun masu kula da titunan birni. Kogin yana hannun masu kula da magudanan ruwa. Shara ta majalisun gundumomi ce, kuma Odaw yana ratsa da yawa daga cikinsu kafin ya iso mu. Ratar da ke ƙarƙashin gada, inda waɗannan duka suka haɗu, kowane ofis yana ganin ta ɗan'uwansa ce.

Inda ake yanzu

A 2019 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 don wani shiri da ake kira GARID, wanda ya sa kwarin Odaw a gaba: yasar kogin, gina tafkunan da za su riƙe ruwa can sama su sake shi a hankali, inganta kwasar shara, da gyaran unguwanni irin su Nima. A rubuce shirin ya gano ciwon, musamman da ya dubi kogin tun daga inda ya taso. Damuwata ita ce bashi yana da ranar ƙarewa, yashi ba shi da ita. An yi babban aikin farfaɗo da tafkin Korle a farkon shekarun 2000, aka kashe maƙudan kuɗi, tafkin ya sake cikewa. An buɗe gadar sama ta Circle a 2016, ta yi kyau har mutane suka laƙaba mata Dubai, kogin da ke gefenta bai sake hali ba. In ba a ware wa Odaw kuɗin shiga na kansa ba, ko daga harajin kasuwannin bakinsa ne ko daga masu ƙera leda da roba, wanda doka za ta hana a karkatar, to lakar da aka kwashe da kuɗin aro za ta dawo ta tarar da mu muna biyan bashi.

Akwai kuma ƙaramin abu da ba ya bukatar Bankin Duniya. A shafa fenti a jikin ginshiƙi, a zana ma'auni da manyan lambobi, a sa ja a inda haɗari ya fara, yadda mai tura amalanke da 'yar kayayo za su iya karantawa. A sa wanda zai riƙa aunawa kafin damina da bayanta yana sanarwa a rediyo. Sarakunan zango da shugabannin kasuwar doya da matasan Tsohuwar Fadama suna da bakin neman wannan, su ne kuma suka fi kowa sanin wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da kowa zai ga da idonsa cewa ƙasa ta hau taku biyu tun bara, da wuya a jira sai an ɗauki gawa kafin a turo katafila.

Kawu yana Adjen Kotoku yanzu. Tafiyar ta yi masa nisa, ƙafa kuma ta fara ciwo, sai ya kama ɗaki a can, ba ya shigowa gari sai in an yi suna ko rasuwa. A watan Mayun da ya wuce, da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ya kira ni a waya. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, sai ya ce:

"Ɗana, ka bi ta gada kwanan nan?"

"Na bi shekaranjiya, Kawu."

"Ka leƙa?"

"Na leƙa."

"Tabon nan, ana ganinsa?"

Na ce masa an yi yasa, ana ganin gefensa na sama, kamar faɗin tafin hannu. Ya yi shiru, ina jin hayaniyar masu sauke buhu a bayansa.

"To ka gaya wa Yaya ta ɗora buhun shinkafarta a kan benci tun yanzu," ya ce. "Kada ta jira dare."